Ƙulhuwallahu Bakwai a Kan Lagun

Da wane baki maigidana ya so in karanta, da nawa ko da na ƙaninsa? Har yau ina tambayar kaina, kuma wanda zai ba ni amsa yana maƙabarta.

Jikata ce ke rubuta mini wannan, ni ban iya rubutu ba. Ita ce ma ta tono maganar. Ta dawo daga makaranta tana bitar Ingilishi, ta ce suna da kalmar da ake faɗa idan mutum ya shiga ƙarƙashin ruwa da nufinsa, kai a gaba, yana sa ran fitowa. Wanda ruwa ya ci kuma, tasa kalmar daban. Na ce mu ma muna da nutso, ai sana'ar kakanki ce. Sai hawaye suka hana ni ƙarasawa.

Maigidana Basarke ne, a bakin Kwara aka haife shi. A ƙasar waje muka zauna, unguwar Biyafara da ke Treichville, ɗaki ɗaya a gidan haya, daga ƙofa ana jin warin lagun, babban tafkin nan da ke haɗe da teku. Duk abin da ya faɗa ruwa daga pinas, jiragen katakon nan masu tsallakar da mutane, shi ake kira: keken ɗinki, dilar atamfa da za a kai kasuwar Treichville, wani lokacin gawa. Sai ya ɗaura igiya a ƙugu, ya riƙi wata ta ɗaure kaya, ya nutsa. Ƙaninsa na zaune cikin jirgi riƙe da igiyar ƙugun. Ba su da agogo. Ƙanin zai karanta Ƙulhuwallahu sau bakwai, in wan bai fito ba ya ja shi da ƙarfi. Kafin bakwai ba a ja, don kada a fizge mutum yana tsakiyar ƙulli igiya ta harɗe shi.

Ƙanin nan kuwa karatunsa kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ni na haura arba'in kafin wata malama a Adjamé ta koya mini, mace mai tsanani, in na haɗiye harafi ɗaya sai na koma farko. Na saba ja a hankali. Maigida yakan tsokane ni in na idar da salla: “Uwargida, kafin ki kai ƙarshen Fatiha tuwo ya huce, miya ta yi tsami.” In ce masa, “Malam, ni ba tsere nake da kowa ba.” Ya san karatuna. Wannan shi ne abin da ke ci na.

Shekarar da gari ya rikice, aka riƙa tare baƙi a hanya ana neman takarda, ƙanin ya kwashi iyalinsa ya koma gida. Mu muka tsaya. Kasuwa yau a buɗe, gobe a rufe, har muka kwana biyu muna shan garin rogo, ko kuɗin aceke, dambun rogon da ake ci a can, babu. Da hantsi wani Bajule, mutumin ƙasar, mai pinas ya yi sallama, injinsa ya suɓuce ya faɗa ruwa kusa da gada. Na ce, “Malam, tarin nan fa bai sake ka ba.” Ya ce, “Tari ba ya cika tukunya. Ɗauko mayafinki, igiyata ba ta zama a hannun bare.”

Ban taɓa shiga jirgi don aiki ba sai ranar. Ya nutsa, ruwan ya rufe kamar ba wanda ya shiga. Na yi bisimilla na fara, yadda malamata ta koya mini, har ma na ƙara natsuwa don ina roƙa masa tsari. A ta huɗu na ji igiyar ta motsa a tafina. Na dubi mai pinas, shi ma ya dube ni, ya ce wani abu da Julanci, ban gane ba. Ban ja ba. Na karanta ta biyar, ta shida, ta bakwai, ban haɗiye harafi ko ɗaya ba.

Da muka jawo shi, idanunsa a buɗe suke. An danna cikinsa, an juya shi, ruwa kawai ke fita. Igiyar injin kuwa ya ƙulle ta tsaf, da yamma suka ciro abinsu.

Liman ya ce kwana ne ya ƙare, na yarda. Ƙanin maigida da ya kira ta waya don gaisuwa ya tambaye ni ko na kai bakwai, na ce na kai. Wani lokaci ina cewa maigida ya manta da nauyin bakina. Wani lokaci kuma ina cewa ya tuna, yana neman ƙarin lokaci ne don ya san ƙarfinsa ya ragu.

Abin da na riƙe kaɗai shi ne yadda ya zauna a gefen jirgi, ƙafafunsa cikin ruwa, ya naɗa mini igiyar a hannu sau biyu, ya ce:

“Bakwai, Uwargida. Ko me kika ji, kada ki ja sai kin cika. Yau da kifi za mu ci aceke.”