Jar Hular Gardi

Shekarar da ƙora ta shiga gidanmu a zangon Sokode, zamanin Faransi, kowa kallon kowa yake. Kan ƙanena Isa ta fara ci: tabo fari-fari, gashi na zuba. Sai ni, sai sauran yara. Mushe, wato malaminmu, ya duba kawunanmu da bakin rula, ya kore mu daga lekol, makarantar boko. Ni dai wallahi ban yi kuka ba.

Inna ta ce Laraba ce, marainiyar da aka kawo mana riƙo daga Dapango. "Kafin ta zo, wa ke susa a gidan nan?" Aka ware mata tabarma da ƙwarya. Aka ce ran Juma'a kamyon goro, babbar motar kaya, zai mayar da ita, alhali can ba ta da kowa.

 Ni kuwa ina da wata jar hula ta gardi, ɗan sandan Faransi, da na tsinta a bola bayan bariki. Kullum mu yaran gida mu ɓuya bayan rumbu, kowa ya sa ya yi fareti. Ƙarƙashin tabarmata take kwana.

Ran Alhamis bayan magariba, Kaka na gasa mana doya a murhu, sai ta jawo Laraba jikinta.

"Kai maigidana," haka take tsokanata, "zauna nan inda zan ga idonka. Ga wata nan tafe, ku tare ta."

Wai biri ya tsinci hula. Ya sa, ya ba zomo, zomo ya ba kurege, kowa ya yi sarautar yini ɗaya. Can sai ƙaiƙayi, sai gashi na zuba. Suka ce zabuwa ce, baƙuwa, ku dubi kanta ma tal! Suka kore ta daji. Zabuwa ta tafi, ƙaiƙayi bai bi ta ba.

"Sai me, Kaka?" in ji Isa.

"Oho. A tambayi biri." Ta juya doya. "Maigida, yau ba ka ci? Ko hannun na wajen susa?"

Na dubi Isa: shi ya tona? Na dubi Laraba, tana ta goge hawaye da bakin zane.  Na tashi na ɗauko hular. Kaka ba ta taɓa ta ba, da sanda ta ɗaga ta nuna wa Inna, ta jefa wuta. Wari ya cika gida.

Kamyo ya tafi ba Laraba. Ni na sha bulala. Aka yi mana aski tal, Kaka na tsaye kan wanzami sai ya wanke aska bayan kowane kai.

Har yau ban san wa ya gaya wa Kaka ba. Isa ya rantse ba shi ba ne, Laraba murmushi kawai take yi. Amma duk gidan da na ji ana nuna baƙo da yatsa, sai in ce, "Tsaya. A fara ɗaga tabarmar ɗan gida."