Lurwanu Ɗan Okalahoma Ya Faɗi a Hanyar Arfa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar bakwai ga Zulhajji, 1382, Allah Ya karɓi ran Lurwanu mai shayi, maƙwabcina a unguwar Rusaifa ta Makka, wanda aka fi sani da Ɗan Okalahoma. Zafin rana ne ya kayar da shi a hanyar Arfa, da buhun gawayi a ka.

Lurwanu, kai da ko jirgin sama ba ka taɓa shiga ba, sai ga ka da sunan wata jiha ta Amurka. A gabana aka raɗa maka shi. Wani baƙin Ba'amurke, Alhaji Abdulganiyyu, ya sha shayinka a Arfa, ya tambayi yadda ka samu gindin tankin ruwa. Na ce tun kafin askarawa su buɗe wa masu sana'a hanya kake zagawa ta bayan duwatsu a ƙasa, ka kafa murhu, ka kama wa tsofaffin unguwa wuri. Ya yi dariya har da hawaye. Ta bakin tafinta ya ce ai laƙabin jiharsu Okalahoma ke nan, jihar waɗanda suka riga lokaci. Gwamnati ce ta sa ranar rabon filayen da aka karɓe daga 'yan asalin ƙasar, sai an harba bindiga kowa zai ruga, amma wasu suka saci jiki suka shige tun kafin nan. Da farko zagi ne, daga baya jikoki suka mai da shi abin alfahari.

Ka ce, "Ya Hajji, su fili suka samu. Ni yini ɗaya nake nema."

Cinikin yinin Arfan nan shi ke riƙe da matarka Mairama da 'yarku Rumasa'u, har da Inna Ɗaso mai ƙosai, wadda ba ku haɗa komai ba. Na sha yi maka faɗa kan hanyar nan, wallahi, taurin kai ya hana ka ji.

Abin da ke cin raina shi ne bayan faɗuwarka. Wani ɗan dako ya kawo labarin an kai gawarka asibiti, babu takarda a jikinka. Mairama ma ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. In ta shiga ta ce mijinta ne, Jidda za a wuce da ita a kore ta daga ƙasar, yarinya ta rasa uwa da uba. Ta yini a tsallaken titi tana kallon ƙofar asibitin, ba ta tsallaka ba. Aka binne ka cikin waɗanda ba a san sunansu ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yi maka rahama, Ya sanyaya makwancinka. Allah Ya raya Rumasa'u, Ya ba Mairama haƙuri, ita da har yau take tambayata wace maƙabarta za ta je ta yi maka addu'a, ni kuwa ban sani ba.