Katunan Farashin Baba

Ina cikin tasi daga unguwar Shisha a nan Makka, ran Talata bayan Azahar, yayata Hafsa ta kira ni. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Yahuza, Baba ya cika. Ka wuto gida Utaibiyya." Na yi salati, na ce wa direba ya juya. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, a daidai lokacin ina tsara maganar da zan sake yi masa ne a kan katunan nan nasa. An sallace shi a Harami bayan La'asar, muka kai shi makwancinsa, ni kuma maganar tana nan a bakina.

Mahaifina, Alhaji Sale, ya fi shekara talatin yana sayar da tsarabar alhazai: darduma, carbi, jallabiya da turare. Kowane kaya a shagon akwai ɗan kati a jikinsa, da farashi rubuce da hannunsa. Abin da ke kan katin shi ne kuɗin kaya. Ba ya ragi, ba ya ƙari, ko da musim ne, lokacin da garin ke cika da alhazai kowa na ninka kuɗin kayansa. Kuma ba ya rantsuwa a kan ciniki.

Masu ta'aziyya sun yi ta yabon wannan hali, ina gyaɗa kai. Amma ba su ne suka tsaya a shagon nan shekara goma sha wani abu ba, ni ne. Mutanenmu in sun zo daga Kano ko Maraɗi, ciniki ma wani daɗi ne a wurinsu. Alhaji zai ɗaga darduma ya ce, "Nawa za ka bari, ɗan'uwa?" Baba ya ce, "Abin da ke kan katin, Alhaji." Sai mutum ya ɓata rai, ya ce Hausawan Makka ba su da zumunci, ya shiga shagon maƙwabcinmu Abu Nasir. Shi kuwa zai sa kuɗi ninki uku, ya rantse ya sake rantsewa, ya yi ta ragi kamar ana yankar namansa. A ƙarshe mutumin ya saya da tsadar da ta fi tamu, ya wuce ta ƙofarmu yana hararar mu, wai ya yi nasara. Sau nawa na ga wannan? Ni kaina ban sani ba.

Baba bai tsaya nan ba. Hajiya za ta rungume darduma tana murna ta ce, "Wannan ta Makka ce ko?" Kai da ka ga ciniki ya faɗa, sai Baba ya juya dardumar ya nuna mata tambari. "Ta Sin ce, Hajiya. A Makka dai kika saye ta." Na taɓa ce masa ko wallahi ɗaya ya riƙa yi, tunda gaskiya yake faɗa. Ya dube ni ya ce, "Sunan Allah ya fi ƙarfin carbin roba."

Wata shekara wani malamin jami'a daga Zariya ya zauna hira a shagon. Ya ce a ƙasar Ingila akwai wata ɗariƙar Nasara, Kwekas, da aka san 'yan kasuwarsu tun da can da farashi ɗaya da ƙin rantsuwa, har mutane suka riƙa aiken yara shagunansu ba fargaba. Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Malam, maimaita wa ɗana. Wataƙila in ya ji Turawa ma sun yi, ya yarda." Ban yi dariya ba. Abu Nasir ya riga ya gina gida a unguwar Rusaifa, mu kuwa muna nan a tsohon benen haya, muna hawa hawa huɗu da ƙafa.

Ranar da na fi matsa masa, na ce ba zalunci ba ne a yi ciniki, kowa da yardarsa yake saye. Ya ajiye alƙalaminsa ya ce, "Ya waladi, mai baki shi ake yi wa ragi. To wa ke biyan ragin nasa? Tsohuwar da ta sayar da saniyarta ta zo, ba ta san riyal ba, kuma tana jin kunyar ja-in-ja a ƙasa mai tsarki. Ni ba zan ɗauki nata in ba shi ba." Na ce, "Tayyib, na ji," na fita. A raina na ce ranar da shagon nan ya zo hannuna, katunan nan zan fara cirewa. Allah ya yafe mini, na faɗa, kuma da gaske nake.

To, ya zo hannuna. Bayan kwana uku na zaman makoki Hafsa ta miƙo mini makulli. Ta ce, "Umma da ƙannenka mata biyu da shagon nan suke ci, kuma mai gini ya ce zai ƙara haya. Ka yi yadda ka daɗe kana so, ba mai hana ka yanzu." Da safe na buɗe, na fara da kantar darduma, ina cire katunan ina zubawa a aljihu.

Ban gama kanta ɗaya ba wata tsohuwa ta shigo, 'yar Umra, Hausarta ta Nijar. Ta leƙa ta ga sauran katunan, ta ce, "Alhamdu lillahi, nan ne." Ta zaɓi darduma biyu, ta kwance bakin mayafinta, ta juye duk abin da ke ciki a kan tebur. Ta ce, "Ɗana, ɗauki naka. Ni ban iya karatu ba. A garinmu an ce in na zo in nemi shagon mai kati, in zuba kuɗina in rufe ido."

Katin dardumar yana aljihuna. Ba wanda zai sani, kuma ita ba za ta taɓa sani ba. Na tsaya ina jin haushin Baba kamar yana zaune a kujerarsa. Na zaro katin, na ɗauki abin da ya rubuta, na tura mata sauran. Ta tambaya ina tsohon. Da na gaya mata, sai ta zauna a bakin ƙofa ta yi kuka saboda mutumin da ba ta taɓa gani ba.

Bayan ta tafi na mayar da katunan ɗaya bayan ɗaya, ina mita. Jiya sababbin kaya suka iso, na zauna na rubuta musu nasu da mummunan rubutuna. Ban san ko za mu iya da sabuwar hayar ba, kuma har yanzu ina ganin ka wahalar da mu, Baba. Amma ka yi galaba a kaina.

Allah ya jiƙanka da rahama, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya ba Umma da Hafsa da ƙannena haƙurin rashinka, ya rufa musu asiri. Ni kuma Allah ya ba ni ko rabin taurin kanka, domin musim ya kusa, kuma Abu Nasir yana nan.