Yadda Mushe Alber Ya Koma Baba Nafi'u

A unguwarmu nan Gummi akwai wani tsoho, Baba Nafi'u, fari tas, idonsa kamar na kyanwa. Na daɗe ina ɗaukarsa Buzu, sai ran da na ji shi a bakin kasuwa yana zuba Faransanci da wasu masu haƙar zinare 'yan Burkina. Suna tashi na tsuguna gefen tabarmarsa.

"Baba, ina ka samo wannan harshe?"

"Na ubana ne," in ji shi, "ko da yake bai taɓa ce mini uffan da shi ba."

Ashe ubansa sojan Faransa ne a Birnin Ƙonni, uwarsa kuma Zaliha, mai dafa wa bariki abinci. Yana ɗan mitsitsi aka ɗauke shi zuwa Damagaram, makarantar da ake tara 'ya'yan Turawa irinsa, aka sa masa suna Alber. Ya fito akawu, ya zama tafinta ana ce masa Mushe Alber, wato Malam Alber da Faransanci, har ya kai ga zama a gefen kumandan, wato Baturen mulki, yana sauraron rigimar gona da ta rijiya. Turawa ba sa cin abinci da shi. Talakawa kuwa da sun hango hularsa sai su sauka daga jaki.

Da Faransawa suka tashi tafiya, aka ce ya zaɓa, ko jirgi zuwa Faransa ko ofis a Yamai. Sai ya nemi hutu, ya shiga cigiyar uwarsa. Wani mai fataucin kifi ya ce masa ta auri masunci a Gummi.

Ya iske ta bakin gulbi tana ƙyafe kifi, shi kuwa cikin kwat da takalmi sau-ciki. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Nafi'u, ka ci abinci?"

"Na waiga in ga da wa take," in ji Baba. "Ban san sunana ba ne."

Bai koma ba. Mijin uwarsa ya yanka masa fadama. Shinkafarsa ta farko ruwa ya cinye ta, don ya ƙi jin shawarar manoma. Bai saba a gaya masa ba. A hankali ya iya, ya yi aure, ya sauke Alƙur'ani da furfura a gemu.

Na ce, "Baba, ba ka kewar ofis?"

Ya yi tunani da gaske.

"Ofis, a'a. Burodinsu dai. Wani dogo ne mai ɓawo, har yau ban ga mai gasa irinsa ba."