Jirin Baba Alfred da Rufin Coci

Shekara talatin da ɗaya Baba Alfred ya yi yana ɗaga wa jirgi tuta a tashar jirgin ƙasa ta Kano. Mutumin Wusasa ne, aikin reluwe ya kawo shi. Da ya yi ritaya bai koma gida ba, ya ci gaba da zama a Sabon Gari, ƙofarsu na kallon tamu. Aikin ya bar masa hali guda: bai iya tashi a hankali ba. Ko sallama aka yi, zumbur zai miƙe kamar an tsikare shi da allura. A coci, kafin fasto ya gama faɗin lambar waƙa Baba yana tsaye shi kaɗai, yana waige-waige, yana mamakin lalacin jama'a.

Da ya haura saba'in sai ƙafafunsa suka fara kumbura, taku kaɗan sai haki. Matarsa Biriskila ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Likita ta ce zuciyar ta yi rauni, ba ta harba jini yadda ya kamata. Ta rubuta magunguna, har da na rage ruwan jiki, ta kuma kafa sharuɗɗa: a rage gishiri da magi, a bar giya, ruwa a sha daidai yadda ta ƙayyade, ban da yawo a rana, ban da cika ciki dam lokaci guda.

"Sannan Baba," in ji ta, "in za ka tashi, ka motsa ƙafa tukuna, ka matso bakin kujera, ka dafa ka miƙe, ka ƙirga goma kafin ka taka. In ka zabura, jini ba ya isa kai da wuri, jiri zai kwashe ka."

"Likita, ni fa ban taɓa sa jirgi jira ba."

"Jirgi ya tafi ya bar ka, Baban Vanessa," in ji Biriskila.

Tun daga ranar miyar gidan ta koma salam. Baba ya daure mako uku. Wata Laraba a tsakiyar zafin Afrilu ya ce zai je aski, ya zarce shagon abokinsa Augustine mai sayar da kayan janareta, wanda matarsa ke dafa farfesun tarwaɗa a bayan shago. Kwano biyu ya tashi da su, da malmalar sakwara, ya kora da kwalbar giya mai sanyi. Yana suɗe yatsa sai ya jiyo muryar Biriskila a bakin titi tana cinikin attaruhu. Ya zabura zai ɓuya bayan labule.

Daga baya ya gaya mana cewa shagon ne ya fara juyawa, sannan gari ya yi duhu. Ya yi taga-taga da baya, ya zauna daɓas cikin bahon da ake ajiye tarwaɗa masu rai. Ihun Augustine ne ya shigo da Biriskila. Ta tarar da mijinta ruwa har ƙugu, kifi na ta fagamniya a gefensa, Augustine na yi masa fifita da kwali.

Sai da ta tabbatar idonsa a buɗe yake, yana gane ta, sannan ta ce, "Nan ne wajen askin?"

Hankalinta dai ya tashi, don nan take ta aika aka kira ni, muka sa shi a Adaidaita sai asibiti. Likita ta auna shi, ta saurari labarin, ta danne dariya. Ta ce zafi, da cikakken ciki, da giya, da zabura, kowanne kaɗai ya isa ya saukar da jini, shi kuwa ya haɗa huɗun a awa guda. Ta gyara masa magani, ta ce ko jiri ya dawo kada ya bar shan maganin da kansa, ya zo ta gani.

Kunyar bahon nan ta yi abin da faɗa bai yi ba. Baba ya rungumi dokar tashi kamar dokar aiki. Ƙirgen ma a bayyane yake yinsa, ido rufe.

Ana haka aka yi taron 'yan coci kan rufin da ke yoyo. Wasu na son a yi faci, wasu a sauya kwanon gaba ɗaya. Fasto ya ce masu son faci su tashi tsaye. Baba ɗan faci ne. Ya fara motsa ƙafa. Ya matso bakin benci. Kafin ya dafa, an ƙirga 'yan faci sun zauna, an ƙirga 'yan sabon kwano sun yi rinjaye, su ma sun zauna. Fasto ya ce, "To, wa zai shugabanci aikin, ya riƙa hawa yana duba kafintoci?"

Kowa ya sunkuyar da kai. A daidai nan Baba Alfred ya kammala miƙewa, ido rufe, yana cewa, "Ɗaya, biyu."

Coci ta ɗauki tafi. Ya buɗe ido ya ga fasto na yi masa godiya. Da ya gane abin da ya faru, girman kai ya hana shi janyewa. Biriskila ce ta miƙe ta ce shugabanci ta yarda, amma duk wanda ya ba mijinta tsani ita da shi ne.

Haka aka yi. Aka ajiye masa kujera a inuwar darbejiya, da gorar ruwansa mai alama a jiki, ya duba aikin daga ƙasa. Ba ƙusar da ta karkace bai gani ba. An gama kafin ruwan farko, kumburin ƙafarsa ma ya ragu sosai. Sammani, babban kafintan da ya zo daga Rijiyar Lemo, ya ce a shekara ashirin bai taɓa haɗuwa da mai sa ido irin wannan tsoho ba, kuma kullum yana yi wa Biriskila addu'a da ta hana shi hawowa sama.