Ranar da na'urata ta share muryar Baffa a Kurmin Kogi

Ana idar da sallar asuba muka bar Zariya, ni da abokin aikina da direbanmu, muka nufi Kurmin Kogi ta ƙasar Ikara. A cinyata akwai 'yar na'urar da na daɗe ina fama da ita, faifai ne kamar murfin kwano, da makirfo shida zagaye da bakinsa. Aikinta ta gane ta ina muryar mai magana take fitowa ta riƙe ta, duk wata ƙara mai yawo kuwa, babur ne ko akuya, ta bi ta tana dannewa duk inda ta koma.

Ba gwaji kaɗai ya fitar da ni ba. Baffa, yayan marigayi mahaifina, shi kaɗai ya rage da ya san iyakokin gonar gidanmu. Babu takarda, duk a kansa suke. Ga murya ta yi ƙasa, ga gwiwa ta ƙi. Innarmu ce ta ce in je in ɗauko maganarsa tun yana iyawa, kada wata rana mu da 'ya'yansa mu tsaya gaban alƙali.

A Likoro an gama girbi, sai karan dawa a tattare cikin gonaki. Nan muka karya da koko da ƙosai mai zafi, direbanmu ya yi wa mai ƙosan ɓarin kuɗi har ta fara yi masa kirari. Makarfi kuwa, jama'a, rake ne ko'ina, dami a kan dami, ga mazarƙwaila da arahar da ba ma gani a birni. Na zaunar da wani mai rake na kunna na'ura, babura na giftawa ta gabas da yamma, a-kori-kura na ta hon. Da muka saurara, muryarsa tas, kamar a ɗaki muke. Wallahi kaina ya kumbura. Abokin aikina kuma ya sayi rake sanda uku, wai na hanya.

Daga Makarfi zuwa Ikara mun sha ramuka, amma kwandunan tumatir da ke jere a bakin titi sun wanke mana ido. Mun isa Kurmin Kogi da hantsi. Gaisuwa kaɗai ta kusa kai mu azahar, an tambayi Inna, an tambayi yara, an tambayi gajiya ta fi sau biyar. Bayan tuwon masara da miyar kuɓewa na shimfiɗa na'ura a kan tabarma gaban Baffa.

Ya dube ta ya yi dariya. "Ɗana, ai iyaka ba a faɗarta a zaune. Sai an taka."

Ya ɗauki sandarsa, 'ya'yansa biyu da wani maƙwabci suka bi shi a matsayin shaidu. Ni kuma ina zan sha gaban Baffa in cusa masa abu a baki? Na koma baya inda ya dace da ni, ina riƙe da na'ura. Baffa ya yi dama ya nuna tsamiya, ya yi hagu ya taɓa suri, ya sunkuya ya kama gamba, injin ban ruwa na ta ruri a fadama. Haka muka zagaye gonar kaf.

Da muka zauna a inuwa na kunna. Babu muryar Baffa. Abin da ke fita kawai ƙarar taunar rake ce, da "haka ne, Baffa, haka ne." Ashe tunda Baffa bai tsaya wuri ɗaya ba, na'urar ta ɗauke shi hayaniya ta share shi. Wanda bai gusa daga gefena ba shi ne abokin aikina da rakensa, shi ta riƙe gam. Kunya ta rufe ni. Na dubi Baffa yana haki yana matsa gwiwa, na ji kamar in yi kuka.

Na yi masa bayani a daddafe. Sai ya ce, "To ku rataya mini ita mana. Duk inda na juya ta juya da ni."

Ni da karatuna ban hango wannan ba! Idan tana ƙirjinsa, bakinsa ne ba ya gusawa, mu da inji da awaki mu ne masu yawo. Na roƙe shi ya bari sai gobe, ya ce bai yi alkawari da gobe ba. Bayan la'asar muka ɗaura masa ita da igiyar rama, aka ƙwace raken abokina, Baffa ya sake takawa a hankali, yana tsayawa yana hutawa, har ya kai ƙarshe.

Mun shigo Zariya ana kiran isha'i, jiki duk ciwo amma rai fes. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, a ofis na ƙera na'urar ina zaton mai magana zama yake yi, alhali a wurinmu akwai maganar da sai da ƙafa ake yin ta, kuma akwai wanda ba a tsayawa gabansa.

Na kunna wa Inna. Muryar Baffa ta fito sarai, har numfashinsa ana ji. A ƙarshe ya ce, "Daga wannan ɗorawa zuwa rafi na ƙanena ne, yanzu na marayunsa ne. Ku matso nan ku faɗa, ta ji ku." Sai muryoyin 'ya'yansa, ɗaya bayan ɗaya: "Mun ji, Baba, mun shaida."

Inna ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Mayar mini da wurin nan in sake ji."