Hannun da ke jikin zauren kakanmu

Magina sun ɗaga diga za su rushe zauren kakanmu, Kawu zai yi shaguna. Sai ƙanwata Zainab, wadda ta karanta tarihin zane-zane har muka gaji da yi mata jaje, ta dafa bangon.

"Kawu, zayyanar nan da yatsu aka yi ta. Dubi karkatar layukan, bahago ne ya yi."

Kawu ya daɗe da yatsunsa a cikin gurbin.

"Baba ne," ya ce. "Abinci kawai yake ci da dama."

Ya sallami magina.

Har yau ba ta samu aiki ba. Ni mai albashin, a zauren nan na girma ban taɓa ganin hannun ba. Ku me kuke wucewa kullum a gidanku?